Alan Moore da gonar da ba a taɓa bari ta huta ba

Wanda duk ya kalli fim ɗin Watchmen da ya fito a 2009, in dai yana cikin masu haƙurin karanta sunayen da ake jerawa, zai ga wata magana da aka bari rabi. An rubuta cewa an ɗauko labarin daga littafin da Dave Gibbons ya zana, wanda kuma aka haɗa gwiwa da shi wajen ƙirƙirarsa. Shi da wa suka haɗa gwiwar? Shiru. Bayan shekara 10, da tashar HBO ta yi nata shirin mai dogon zango a kan labarin, haka aka sake yi, sunan Gibbons shi kaɗai, kamar a ɗaura aure a faɗi waliyyi a faɗi sadaki amma a ƙi ambaton ango.

Angon ne da kansa ya ce a cire shi. Sunansa Alan Moore, Bature ɗan Ingila, marubucin littattafan zane, irin waɗanda ake ba da labari da hotuna gida-gida, maganar mutane tana fitowa daga bakinsu cikin 'yan da'irori. Da wuya ka sami mai bibiyar wannan fanni da zai kawo maka sunan wanda ya fi shi tasiri tun daga shekarun 1980. Ya ce kada a ƙara sa sunansa a fim ɗin da aka yi da aikinsa, kason kuɗin da ya kamata a ba shi kuma a miƙa wa masu zanen da suka yi aikin tare.

A intanet abin dariya aka mayar da shi. Hotonsa kaɗai ya isa: gashi har kafaɗa, gemu har ƙirji, zobba a yatsu, ido kamar na wanda rabonsa da barci tun bara. Da zarar an sanar da sabon fim daga littafinsa sai zolaya ta tashi, wai ga tsohon nan mai baƙin rai zai sake yin tsaki. Ni kuwa na daɗe ina ganin a wannan rigimar gaskiya tana wajensa, ko da yake akwai wuraren da zan kama shi, kuma zan zo kansu.

An haife shi a watan Nuwamba na 1953 a Northampton, garin da ya yi suna da ɗinkin takalma, a wata tsohuwar unguwar talakawa da ake kira Boroughs. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin giya ne, mahaifiyarsa kuma tana aiki a maɗaba'a. A 1970 aka kore shi daga makarantar sakandare saboda sayar da ƙwayar LSD, abin da bai taɓa ɓoyewa ba. Daga nan sai aikin majema, sai wankin bandaki, sai zaman ofis. A ƙarshen shekarun 1970 ya fara neman abinci da zanen barkwanci a mujallar kiɗa ta Sounds da wata jaridar garinsu, amma bai daɗe ba ya gane cewa a zane ba shi da sauri kuma ba zai zama gwani ba. Sai ya koma rubuta labari wasu su zana. Ya yi wa mujallar 2000 AD gajerun labarai, sannan a 1982 mujallar Warrior ta ba shi fili, inda ya fara Marvelman da kuma V for Vendetta tare da mai zane David Lloyd.

Daga can ne wani edita na kamfanin DC na Amurka, Len Wein, ya hango shi, ya ba shi Swamp Thing a 1983, labarin wani dodon fadama da kasuwarsa ta riga ta faɗi. Abin da Moore ya yi da shi ya nuna irin kan da ke gare shi. Shekara da shekaru masu karatu sun san dodon a matsayin wani masanin kimiyya da haɗari ya mayar da shi tsiro, yana ta neman hanyar komawa mutum. A fitowa ta 21 Moore ya juya abin: masanin ya mutu tun ranar haɗarin, wannan da kuke gani tsiro ne da ya shanye tunanin mamacin, ya ɗauka shi mutum ne. Babu inda zai koma. Da shafuka kaɗan ya mayar da labarin tsoratar da yara ya zama tambaya a kan mene ne mutum.

Sai Watchmen, fitowa 12, daga 1986 zuwa 1987. Labarin ya ɗauki jaruman nan masu rufe fuska da ke yaƙi da miyagu, ya tambaya: in da gaske akwai su a duniya, wane irin mutum ne zai sa abin rufe fuska ya fita da dare yana dukan mutane da sunan adalci? Amsar da littafin ya bayar ba ta da daɗi. Ɗaya mai taɓin hankali ne, ɗaya azzalumi ne da gwamnati ke haya, ɗaya ya tsufa ya yi tumbi yana kewar ƙuruciya, guda ɗaya tak da ke da ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam kuwa ya daina damuwa da mutane gaba ɗaya. Shekarar labarin 1985 ce, Nixon yana nan a kan mulkin Amurka, duniya tana bakin yaƙin nukiliya.

Amma ba labarin ne kaɗai abin kallo ba, ginin ne. Kusan kowane shafi an tsara shi a kan gida 9, uku-uku sau uku, kamar gidajen dara, kuma da wannan tsari Moore da Gibbons suke sarrafa numfashin mai karatu. Ka ɗauki fitowa ta 5. In ka buɗe tsakiyarta za ka ga shafin hagu da na dama suna kallon juna kamar madubi. Ka koma baya shafi ɗaya ka matsa gaba shafi ɗaya, tsarin gidajen ya sake dacewa, haka har shafin farko da na ƙarshe. Ni sai a karatu na biyu na lura, kuma na tuna na ajiye littafin a cinya na yi shiru na ɗan lokaci. A fitowa ta 4 kuma, jarumin da ke ganin jiya da yau da gobe a lokaci guda yana zaune a duniyar Mars da wani tsohon hoto a hannu, shafin yana tsalle tsakanin shekaru, kai mai karatu kana ganin gidajen duka a gabanka lokaci ɗaya, kamar yadda shi yake ganin rayuwarsa. Fim ba zai iya wannan ba, don fim yana jan ka ne a kan saurinsa, ba ka da ikon waiwaye. Moore ya sha faɗin cewa da gangan ya gina littafin a kan abin da takarda kaɗai ke iyawa. Gibbons ya ba da labarin cewa rubutun da Moore ya aiko masa na fitowa ta farko ya kai kusan shafi 100 na tafireta, a cushe, don ɗan littafin da bai kai shafi 40 ba. Littafin ya ci kyautar Hugo a 1988, kuma a 2005 mujallar Time ta sa shi cikin littattafan labari 100 mafiya kyau da aka rubuta da Turanci tun 1923. Shi kaɗai ne littafin zane a jerin.

To ga inda gizo yake saƙar. A yarjejeniyar da Moore da Gibbons suka sa wa hannu akwai sharaɗin cewa haƙƙin mallaka yana hannun DC muddin tana buga littafin, in ta yi shekara ɗaya ba ta yi amfani da shi ba sai ya koma hannun masu shi. A 1986 wannan ya yi kama da karamci. Littattafan zane a lokacin 'yan mujallu ne na wata-wata, a buga a sayar a manta, ba kasafai ake tara su a yi littafi guda da zai zauna a kanti ba. Su biyun sun ɗauka cikin 'yan shekaru kayansu zai dawo. A 1987 DC ta haɗa fitowa 12 ɗin ta yi littafi ɗaya, ya karɓu, ta sake bugawa, ya sake ƙarewa, ta sake bugawa. Har yau ba a taɓa daina buga shi ba. Haka V for Vendetta, wanda DC ta karɓa ta ƙarasa fitar da shi daga 1988, ya faɗa irin wannan rami.

Ka ƙaddara ka ba mutum aron gona, kuka yi da shi cewa duk shekarar da bai noma ta ba za ta dawo hannunka. A garinku kowa ya san gona takan gaji bayan shekara biyu ko uku a bar ta ta huta, don haka ka sa hannu hankali kwance. Sai gonar ta zama irin wadda ba ta gajiya, saboda takin da kai ka zuba mata da hannunka. Da ta lalace da tuni ta dawo maka. Da yake ta yi albarka, kai da ita sai kallo. Sharaɗin da aka rubuta don ya kare marubuci ya koma yana hukunta shi a kan ya iya aiki, kuma wannan ne abin da nake ganin masu zolayar Moore suke tsallakewa.

Za a ce ai idonsa biyu ya sa hannu, ba yaro ba ne, kuma kamfanin bai karya doka ba. Duka gaskiya ne. Ban taɓa jin an ce DC ta hana shi kasonsa na cinikin littafin ba. Amma abin da doka ta halatta daban, abin da mutane biyu suka fahimta lokacin da suke tafawa daban. Kowa a teburin ya san me ake nufi da sharaɗin: za mu ci moriyarsa na ɗan lokaci, sannan mu mayar muku. Da duniya ta canza, ɓangaren da ke da lauyoyi ya riƙe harafin ya yar da niyyar. Ko ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari ya san akwai cinikin da alƙali ba zai iya warwarewa ba amma in ka yi shi ba za ka ƙara samun mai ba ka kaya bashi ba.

Kuma Moore ya san tarihin sana'ar da ya shiga, shi ya sa abin ya fi yi masa ciwo. A 1938 wasu samari biyu daga Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar da Superman a kan dala 130. Da suka ga abin da ake tarawa da shi suka kai ƙara a 1947, ba su sami Superman ba, aka sallame su aka goge sunayensu. Shuster ya tsufa idonsa ya kusa mutuwa, yana ƙananan ayyuka don ya ci abinci. Sai a 1975, ana shirin babban fim ɗin Superman, 'yan'uwansu masu zane suka tayar da ƙura, kunya ta sa kamfanin ya yanka musu dala 20,000 kowannensu a shekara tare da mayar da sunayensu. Bill Finger, wanda ya gina mafi yawan abin da aka san Batman da shi, ya mutu a 1974 cikin talauci, ba a fara rubuta sunansa a kan Batman ba sai 2015. Jack Kirby, da hannunsa ya fitar da da yawa daga cikin manyan jaruman kamfanin Marvel, babban abokin gogayyar DC, ya rasu a 1994, iyalansa ba su daidaita da kamfanin ba sai 2014. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Moore ya ɗauka shi ya tsallake wannan tarkon, ashe sabon salo aka ɗana masa.

A ƙarshen shekarun 1980 ya bar DC. Cikin abin da ya yi bayan nan akwai From Hell tare da mai zane Eddie Campbell, a kan kashe-kashen matan da aka yi a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888, baƙi da fari, zanen kamar an yi shi da ƙusa a jikin bango. A ganina shi ne aikinsa mafi nauyi, don bai damu da wasan gano mai kisa ba, tun da wuri ya nuna maka shi, abin da ya dame shi shi ne talaucin da ya jefa matan nan kan titi da kuma garin da ya saba da ganinsu a can. A 1999 ya buɗe sabon jerin littattafai a ƙarƙashin kamfanin WildStorm na Jim Lee, musamman don ya yi nesa da DC. Kafin a fara fitar da su Jim Lee ya sayar wa DC da kamfanin. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Ya zauna ne saboda masu zanen da ya riga ya jawo cikin aikin, bisa alkawarin ba za a sa masa baki ba, kuma ba a je ko'ina ba aka lalata kwafin da aka buga na wata fitowar The League of Extraordinary Gentlemen saboda wata tsohuwar talla da ke ɗauke da kalmar Marvel, sunan abokin gogayyar DC.

Da farko ba ya faɗa da 'yan fim. Ra'ayinsa shi ne su biya su yi abinsu, shi ba zai kalla ba, littafinsa yana nan. Haka aka yi From Hell a 2001 da Johnny Depp, aka yi League a 2003 da Sean Connery. Sai wasu masu shirya fim suka kai ƙarar kamfanin Fox da ya yi fim ɗin League, suna cewa an sace musu labari, har da zargin cewa littafin Moore an sa shi ya rubuta ne don a rufe satar. Aka zaunar da shi lauyoyi suna yi masa tambayoyi na kusan awa 10 a kan fim ɗin da bai rubuta ba. Fox ta sasanta a wajen kotu, abin da a idonsa ya bar tabon a jikinsa. Bayan haka furodusan V for Vendetta, Joel Silver, ya faɗa wa 'yan jarida cewa Moore yana murna da fim ɗin. Moore ya ce ƙarya ne, ya nemi a janye maganar a fili, bai sami abin da ya nema ba. Dama tun bayan shari'ar Fox ya riga ya yanke: ba suna, ba kuɗi.

Wannan ƙin karɓar kuɗin shi ne abin da ke sa nake ɗaukar maganarsa da nauyi. Mun saba da masu kukan an cuce su, waɗanda kukan ke tsayawa ranar da alat ya shigo. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma Moore ya gane cewa muddin yana karɓa, za a riƙa ɗaga sunansa a matsayin shaidar yardarsa. Ba shi da ikon hana fim, ba shi da ikon hana a ci gaba da labarin. Abu ɗaya da ya rage a hannunsa shi ne ya ƙi zama shaida. A 2010 ya faɗa cewa DC ta yi masa tayin mayar masa da haƙƙin Watchmen in zai yarda a yi wasu littattafan na share fage da na ci gaba, ya ce da shekara 10 baya aka zo da wannan da wataƙila an daidaita, yanzu kam ba ya so. A 2012 aka fitar da Before Watchmen ba tare da shi ba. Da Marvel ta sake buga tsohon aikinsa na Marvelman daga 2014, a gurbin sunansa sai aka rubuta marubuci na asali kawai, kasonsa kuma ya nemi a ba Mick Anglo, wanda ya ƙirƙiri jarumin tun 1954. A 2023 ya ce ya daina ma raba wa masu zane kason fina-finan, ya nemi a aika wa ƙungiyar Black Lives Matter mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata.

Yanzu wuraren da zan kama shi. Na farko shi ne wanda masu sukarsa suka fi so, kuma yana da ƙarfi: mutumin da ke fushi an taɓa masa jarumai, shi da jaruman wasu ya gina rabin aikinsa. League gaba ɗayansa aro ne, Allan Quatermain na Rider Haggard, Mina daga Dracula na Bram Stoker, Kyaftin Nemo na Jules Verne, Dakta Jekyll na Stevenson, kuma ya yi da su abubuwan da masu su da wuya su yi murna da su. Watchmen ɗin ma a kan jaruman tsohon kamfanin Charlton ya fara tsara shi, sai da DC ta hana shi su sannan ya ƙera sababbi a kan ƙirarsu. Laifi tudu ne. Amsar da nake da ita ita ce waɗancan marubutan sun daɗe da mutuwa, wa'adin haƙƙinsu ya ƙare, aikinsu ya zama rijiyar gari, kowa na iya ɗiba, ni ma in na ga dama gobe in sa Kyaftin Nemo a tafkin Chadi. Watchmen kuwa bai zama na kowa ba. Kamfani ɗaya ne ya kulle shi, mai shi yana raye yana cewa a'a. Duk da haka na yarda amsar ba ta rufe ramin duka, don in maganar mutunta niyyar marubuci ce, mamaci ma yana da niyya.

Na biyu, littafin zane ba na mutum ɗaya ba ne. Gibbons yana da rabi a Watchmen, Lloyd yana da rabi a V, kuma su biyun sun goyi bayan fina-finan. Fuskar nan ta Guy Fawkes, mutumin da aka kama a 1605 yana shirin tarwatsa majalisar Ingila da albarushi, wadda yanzu masu zanga-zanga ke sawa a faɗin duniya tun da 'yan Anonymous, masu kutse da fafutuka a intanet, suka ɗauke ta a 2008, shawarar Lloyd ce, hannunsa ne ya zana ta. (Abin dariya mai ciwo: duk wanda ya sayi ta asali don ya yi zanga-zangar adawa da manyan kamfanoni, wani abu daga kuɗinsa yana shiga aljihun Warner, kamfanin da ya yi fim ɗin V for Vendetta.) Mai zane yakan yi wata guda a kan abin da marubuci ya gama a mako, ba ya iya riƙe ayyuka da yawa lokaci guda, don haka kuɗin fim a wajensa fansho ne. Moore ya ba su kasonsa, wannan a yaba masa. Amma zumuncinsa da Gibbons ya mutu a kan wannan rigima, kuma ba shi kaɗai ne abokin aikin da suka rabu baram-baram ba. Mutum na iya zama mai gaskiya kuma zama da shi ya yi wuya.

Na uku, ba duk abin da aka yi da aikinsa ne shirme ba. Shirin HBO na 2019 ya buɗe da kisan kiyashin da aka yi wa baƙaƙen fata a Tulsa a 1921, abin da Amurkawa da yawa ba su taɓa ji a makaranta ba, kuma ya kwashi kyautar Emmy 11. Na kalle shi, ya burge ni. Sai dai kyan ginin da aka yi a filin da ake rigima a kansa bai taɓa kashe rigimar fili ba. Batun tsafinsa kuwa, da ya ce tun ranar da ya cika shekara 40 ya zama matsafi, yana girmama wani gunkin maciji na zamanin Rumawa mai suna Glycon wanda shi da bakinsa ya yarda 'yar tsana ce aka yaudari mutane da ita, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa, Allah ya shirya. Ba ya ƙara komai a shari'ar gonar, ba ya kuma rage komai.

A 2019 ya ajiye littattafan zane gaba ɗaya. Ya koma rubutun zube, inda a al'adar sana'ar haƙƙin mallaka yakan zauna a hannun marubuci. Dama tun 1996 ya fitar da Voice of the Fire, labarai 12 da suka ratsa shekaru kusan 6,000 duk a ƙasar Northampton. A 2016 ya fitar da Jerusalem, kalmomi sama da 600,000, shafi fiye da 1,000, kusan duka a cikin 'yan layukan unguwar da aka haife shi, wadda hukuma ta rushe mafi yawanta da sunan gyaran gari. Kashi na tsakiya na littafin, ɗaruruwan shafuka, yana faruwa ne cikin 'yan mintocin da wani yaro ƙarami ya shaƙe da alawar tari. Ba zan yi ƙarya ba, akwai babin da ya rubuta da wani karyayyen Turanci a kan Lucia, 'yar marubucin nan James Joyce, wadda ta yi shekaru kusan 30 a asibitin masu taɓin hankali na garin, da na tsallake rabinsa. Amma na fahimci abin da yake yi. Mutumin da aka karɓe wa duniyoyin da ya ƙirƙira ya dawo ya kafa tuta a kan unguwar talakawan da ba kamfanin da zai yi sha'awar saya. Bayan shi ya fitar da tarin gajerun labarai, Illuminations, a 2022, sannan The Great When a 2024, na farko a jerin littattafai 5 a kan Landan. Har yanzu a Northampton yake zaune.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance yanzu shi ne wata 'yar ƙanwata da ke rubuta littattafan Hausa a waya, irin waɗanda ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Ɗaya daga cikinsu ya karɓu, har wasu suka neme ta suna so su karanta shi da murya su ɗora a YouTube, in ya yi kyau kuma a yi fim. Ta zo min da takarda shafi biyu a cikin jakar makaranta, duk ta lanƙwashe.

"Kawu, duba min wannan. Sun ce ba sayarwa ba ce, aro ne. In sun daina amfani da shi zai dawo hannuna."

Na sa tabarau na bi layi-layi. Yana nan a sakin layi na huɗu, kusan kalma da kalma da abin da aka rubuta wa wani ɗan Northampton a 1986. Babu adadin shekaru. Babu abin da ya bambanta murya da fim da fassara, duk an haɗe su a jimla ɗaya. Na ce mata littafin takarda ma yakan ƙare a kanti a rasa mai sake bugawa, amma abin da aka ɗora a intanet yaushe ake daina amfani da shi? Ko mutum uku ne ke saurare a shekara, yana nan a ɗore. Na gaya mata dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, ta ce ba a miƙa haƙƙi sai a rubuce, kuma tana kare littafi tsawon ran marubuci da shekara 70 bayansa, to wannan 'yar takardar da ta lanƙwashe ita ce rubutun da dokar ke nufi, kuma tana iya cinye duk waɗannan shekarun. Na ce ta koma ta nemi a rubuta shekara 3, a rubuta murya kaɗai, fim in ya taso a sake zama. Na fara ba ta labarin gonar da ba ta hutawa.

Ta saurara har na kai kan Siegel da Shuster, tana murza bakin mayafinta. Sannan ta ɗago.

"Kawu, ai sun riga sun turo rabin kuɗin. Da shi na biya rajistar wannan zangon."